Gidan Labo a Bayan Ganuwa

A shekarar da mahara suka ƙone ƙauyuka uku a arewacin Ƙarfi, mutanen wani gari da ke kan hanyar Danja suka ce su kam ba za su zauna a zo a kwashe su kamar kaji ba, ganuwa za su yi. Dagaci ya aika wa unguwanni huɗu na garin cewa kowace ta shirya bakinta, ran Juma'a a haɗu a ƙofar gidansa.

A garin nan ba a fara magana a gaban dagaci, sai ta dahu ake kai ta can. Masu gida na kowace unguwa sukan taru a zauren mai unguwarsu, a yi ta ja-in-ja har a tsaya a kan abu ɗaya. Ran babban taro kuwa, mai unguwa kaɗai ke buɗe baki da sunan mutanensa.

Labo ya san wannan sarai. Manomi ne na ƙwarai, gidansa ne na ƙarshe a unguwar gabas, dab da rafi, da rumbuna biyar a tsakar gida. Aibinsa ɗaya, ya raina zaman zaure. A ganinsa wurin tsofaffi ne da ba su da aiki sai tauna goro da maimaita abin da wani ya riga ya faɗa. Ranar da unguwar gabas za ta zauna kuwa dawarsa ta nuna, tsuntsaye sun sauko mata. Maƙwabcinsa Rabe ya biyo shi har gona.

"Labo, an hallara, kai ake jira."

"Haba Rabe, in bar wa tsuntsu noman shekara? Ka gaida Mai unguwa Mudi, ka ce duk abin da manya suka yanke na bi."

Kalma ce ta ladabi, kowa na faɗarta. Labo ya faɗe ta ko waiwayowa bai yi ba.

Abin da bai tsaya ya ji ba shi ne, an sa doka cewa kowace unguwa ita za ta gina tsawon ganuwar da ta nema, da ƙasarta da ruwanta da hannunta. To wa zai nemo wa bayansa ƙarin kaya?

Ran Juma'a bayan masallaci aka fito da ƙwarya cike da toka. Wani dattijo ya shiga gaba yana zuba ta a ƙasa inda ganuwa za ta bi, jama'a na biye. Labo na cikinsu da sabuwar riga, har yana yaba dabarar. Da aka iso gabas, toka ta zo gindin tsamiya, sai ta karya kwana ta yi kudu. Gidan Labo na can gaba, taku arba'in, hayaƙin girki na tashi daga cikinsa.

Labo ya ga an bar gidansa a waje. Ya buɗe baki, wani tsoho ya ja gefen rigarsa ya girgiza masa kai. Dagaci ya dubi Mudi.

"Unguwar gabas, bakinku ɗaya?"

"Ɗaya ne, ranka ya daɗe."

Liman ya ɗaga hannu aka shafa Fatiha. Labo ma ya shafa, don hannunsa ya riga tunaninsa.

Washegari da sassafe ya durƙusa a zauren Mudi.

"Baba, mi na yi maku? Gidan nan ubana ya kafa shi, kai ma ka ci tuwo cikinsa."

"Wallahi Labo ba wanda ya ƙi ka," in ji Mudi. "Ba a tuna da kai ba ne. Maikuɗi ya zo ya kafe a kan turken shanunsa, tun hantsi har azahar, dole aka karkata masa ganuwar. Kai da ka zo ka ce uffan, taku arba'in mi ne ne? Na tambayi Rabe ina kake, ya kawo saƙonka gaban kowa."

"To a sake zama."

"Bayan an shafa Fatiha? In na ta da ita, gobe mutanen yamma ma su ta da tasu, mahara su tarar da mu muna gardama."

"To a ba ni fili daga ciki."

Mudi ya sunkuyar da kai. Filayen ciki ma a wannan zaman aka raba su.

Labo ya je wurin dagaci, dagaci ya ce shi ba ya tsallake mai unguwa. Ya je wurin liman, liman ya ba shi haƙuri da addu'a. Kowa ya tausaya masa da gaske, abin da ya fi ci masa rai ke nan, don bai sami ko mutum ɗaya da zai yi fushi da shi ba in ba kansa ba.

Da aka gama girbi aka raba aiki, kowane maigida da rabonsa a gefen da ya fi kusa da shi. Rabon Labo ya faɗo daidai ƙofar gidansa. Shi ya kwaɓa ƙasar, matarsa Marka na ɗebo masa ruwa a rafi. Yana tsaye ta cikin gari yana ɗora tubali, ginin ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, har wata rana ya ɗaga kai bai ga ko kan rumbunansa ba. Ranar ya zauna a kan tulin ƙasa, ƙaton mutum, ya yi hawaye.

Da la'asar ya zaga ta ƙofar kudu ya iso gida. Mahaifiyarsa Hansai, wadda idanunta suka daɗe da rufewa, tana zaune a bakin ɗakinta. Ba wanda ya iya gaya mata komai. Abin da ta sani kawai ɗanta na cikin masu gini. Ta ji takunsa, ta miƙo hannu ta shafa ƙafarsa, ta ji busasshiyar laka.

"Sannu da aiki, ɗan albarka. Ta yi tsawo?"

"Ta yi, Inna."

"Doki ba zai iya tsallake ta ba?"

"Ba zai iya ba."

"Alhamdu lillahi," in ji tsohuwa, ta jingina da bango tana murmushi. "Bana dai ma yi barci da ido biyu rufe."