Hular Kwano Ta Ƙi Shiga

Tsohon bakaniken nan da 'yan gareji ke kira Totur bai taɓa tsoron gudu ba, amma ambaci allura ka ga ya fara neman ƙofa.

Wata da watanni ya yi yana haɗa motar tsere, wata akwala da ya tsinto ko ƙofa babu. Ya ɗaure mata tukunyar iskar naitiros a cikin but, ya ja siririn bututu har inji, ya maƙala jan maɓalli a jikin sitiyari. Kana dannawa iskar za ta faɗa inji ta rura wutar, mota ta zabura kamar an tsikare ta. Tukunyar nan kuwa, ko babban yaron shagonsa bai isa ya kai mata hannu ba. Gasar tsofaffin direbobi ta ƙarato, kuma ya riga ya yi wa matarsa alkawarin daga wannan ya ajiye.

Sai haƙori ya ce bai san zance ba. Kunci ya kumbura suntum. Totur ya ɗauko hular kwano don ya gwada, ta zo kan kumburin ta cije. Ya tura, ya ga taurari. Dokar filin tsere kuwa ba ta da ɗan gida: babu hula, babu shiga mota.

A haka autarsa ta same shi. Likitar haƙori ce, amma bai taɓa taka asibitinta ba, kuma sunan da yake kiranta da shi Mai Filaya.

"Baba, wannan haƙorin ya gama aiki. Tashi mu je."

"Zai sauka da kansa."

"To bari in gaya wa Mama ta daina ɗinkin tutar da take maka."

Ya harare ta, ya lalubi takalminsa.

A ɗakin aikinta ya zauna a bakin doguwar kujerar, ƙafa ɗaya na kallon ƙofa. Can idonsa ya faɗa kan wata shuɗiyar tukunya a kusurwa. Ya miƙe, ya karanta jikinta, ya sake karantawa.

"Ke, me naitiros yake yi a nan?"

"Shi nake shaƙa wa matsorata."

Gatsen ya wuce ta kansa, don murna ta riga ta cika shi. Ya zagaya tukunyar, ya ƙwanƙwasa agogon awonta da farce.

"Zallarsa kike ba mutum? Ni in ban ƙara fetur ba, fistin narkewa yake yi."

"Da oksijin nake haɗawa, in riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ina kallon numfashi. Kuma nawa tatacce ne, ba irin naka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ba."

"Kawo in saita miki."

Ta tare hannunsa. "Baba, a garejinka wa ke taɓa tukunyarka?"

Ya koma kan kujera ya kwanta.

Ta ɗora masa robar shaƙar iskar a hanci. Ba a jima ba yatsunsa suka saki hannun kujera, dariya ta fara kuɓuce masa. Ya kama sitiyarin da babu shi, yana canza giya da gwiwar ma'aikaciyar da ke riƙe da tire. Ita ma baiwar Allah dariya ta hana ta tsayawa daidai. Allurar da ya shekara da shekaru yana gudu ta shiga dasashi, shi yana can yana wuce wata jar mota a kwana.

"Yaushe za ki fara?" ya tambaya, baki cike da auduga.

Ta nuna masa haƙorin a cikin tasa.

Kumburin bai sauka da wuri ba. Kullum da safe sai ya sha magani ya gwada hula, kullum sai ta cije. Ana jibi gasar, hular ta zame sulub har haɓa, ya fito tsakar gida da ita yana rawa, daga shi sai singileti.

Ranar tsere motoci suka jeru, injuna na ruri, ƙasa na rawa. Saura a buɗe bawul ɗin tukunya, aikin da shi kaɗai ke yi. Ya ɗaga but, ya tsaya, ya waiga wajen masu kallo ya yafito autarsa. Babban yaron shago ya saki baki.

"Kaɗan-kaɗan, Baba?"

"Wannan ba mara lafiya ba ne. Buɗe duka."

Aka saki tuta. Totur ya bar layi, ya ƙirga giya, ya danna jan maɓalli. Kujera ta naushe shi a baya, shingen gefen hanya ya zama zare ɗaya, shi kuwa yana ta ihu a cikin hula kamar yaro. Na biyu ya zo, amma wallahi ko na ɗayan bai kai shi murna ba.

Ya dawo ya cire hula, giɓi a waje, ido jawur da hawaye. Ya miƙa mata makullin but.

"Likita," ya ce, "je ki rufe tukunyarki."