Surukin Malam Mika'ilu Ya Shiga Fesbuk

Duk mai bin siyasa a waya a birnin nan, daga unguwar Kusfa har Ƙofar Kibo, ya san Malam Mika'ilu Jalo. Da safe malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare, yana zana kogin Kwara a allo yara suna hamma. A gida ma ba wani sauraronsa ake yi ba. Da ya fara bayanin halin da ƙasa take ciki, sai matarsa Batulu ta tuna ta bar tukunya a wuta. Amma idan ya zauna a dakalin ƙofar gida bayan la'asar, ya gyara tabarau, ya buɗe shafinsa na Fesbuk, to, nan fa babu mai ja da shi. Mutane daga Kano da Jos, har 'yan birni masu aiki a Legas, jira suke su ji me zai ce. Shafin nan ne kaɗai wurin da ake jin maganarsa a duniya, kuma abu ɗaya ya gina shi: Mika'ilu ba ya janye magana. A zage shi, a kira shi ɗan kwangila, ko gezau.

A shekarar kuwa kasuwa ta buɗe masa. Jam'iyyar Tulu, mai neman karɓe mulki a zaɓe mai zuwa, ta wayi gari da shugabanni biyu na ƙasa. Kowanne da hatiminsa, kowanne da takardarsa ta kotu, kuma kowanne ya kori ɗayan. Ɗaya ya sa kwaɗo a ƙofar hedikwata a Abuja, ɗayan ya zo ya ɗora nasa a kan na farko, aka rasa mai shiga. Mika'ilu ya lashe baki ya rubuta: "Jam'iyyar da ta kasa buɗe ƙofar ofishinta, ita ce za ta buɗe ƙofar fadar shugaban ƙasa? Tulu ta gama yawo. Ku rubuta ku ajiye."

Tsokaci ya yi ta zuba, masu yabo da masu zagi, yana bi yana ba kowa daidai shi. Yana cikin wannan nishaɗi sai ya ci karo da wani sabon suna, da hoton dattijo mai farin gemu da rawani. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Hoton bai canza ba. Alhaji Abubakar Siddiƙ ne na Kusfa, tsohon akawun kotu, mahaifin Batulu. Ga abin da ya rubuta: "Wannan magana ba ta da tushe. Tulu ce za ta ci zaɓe."

Mika'ilu bai san lokacin da ya miƙe tsaye daga dakalin ba. Tun da ya auri Batulu bai taɓa cin ko gyaɗa a gaban mutumin nan ba. Bai taɓa kama sunansa ba, har wani abokin aikinsa mai suna Abubakar sai da ya koma kiransa Mai Sunan Baba. Idan suka haɗu a lungu, tun daga nesa yake tuɓe takalmi. To yaya za a yi ya ce wa wannan bawan Allah bai fahimci siyasa ba, a gaban jama'ar duniya? Yatsunsa suka yi abin da suka ga ya dace, suka rubuta: "Haka ne, Baba. Allah ya ƙara girma."

Ai kuwa Haisam, mai sayar da kayan waya a Ƙofar Doka, wanda ya daɗe yana shan kashi a hannun Mika'ilu a shafin, ya ɗauki hoton amsar ya baza. Ya rubuta a sama: "Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah. Mai taurin kai ya sha ruwan Tulu."

Mika'ilu ya ɗauka abin na rana ɗaya ne. Ina! Washegari ya rubuta cewa rikicin shugabanci zai raba ƙuri'un jam'iyyar a Arewa. Alhaji ya iso ya ce shugaba biyu ya fi ɗaya, domin idan ɗaya ya gaji ɗayan zai ci gaba da aiki. Mika'ilu ya dubi wannan magana, ya rubuta haka ne. Ya ce gwamnonin jam'iyyar suna shirin ficewa, Alhaji ya ce sai a samu wurin zama a taro. Haka ne, Baba.

Babu dabarar da bai gwada ba. Ya koma saka sharhinsa da tsakar rana, lokacin da ya san dattijon na ƙailula, sai ga amsa tun kafin ya ajiye wayar. Ya koma rubutu da Turanci, Alhaji ya amsa da Turancin mutanen da, mai nauyi kamar buhun masara. Ya bar siyasar ƙasa gaba ɗaya ya yi magana a kan ramukan titin Ƙofar Doka, Alhaji ya ce ramukan suna hana masu babur gudu. Rannan har ya kai yatsa wurin da ake bulokin, ya tsaya yana tunanin yadda za a ba da labarin a Kusfa, a ce mijin Batulu ya rufe wa surukinsa ƙofa a fuska. Ya janye yatsan ya yi istigfari.

Shafin ya fara mutuwa a hannunsa yana kallo. Haisam ya raɗa masa suna Malam Haka Ne, sunan kuma ya bi shi har cikin aji. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne an daina ma yi masa gardama. Komai ya rubuta, sai a ce: "Mu jira Baba ya zo." Wallahi abin ya ci shi. Ya rame, ya daina zaman dakali, ya koma shiga ɗaki da wayar kamar mai ɓoyon mangwaro.

Wata Asabar Batulu tana tankaɗe a tsakar gida, ya zo ya tsaya a kanta.

"Don Allah, wane mai neman fitina ne ya buɗe wa Baba Fesbuk?"

"Ni ce," in ji Batulu, ba ta ko ɗago ba.

"Ke?"

"Ni na buɗe, ni na nuna masa shafinka. Abban Khairat, matsa, kana tare mini haske."

Ya matsa. Ta ci gaba da tankaɗe, tana magana kamar mai ba da labarin farashin manja. Ta ce tun da Malam Muhsin ya rasu a daminar bara, babanta bai ƙara jin wani ya ce masa ƙarya yake yi ba. Malam Muhsin shi ne amininsa, tun suna samari suke gardama a zaure, har maƙwabta suna leƙowa su ga ko dambe ake. Yanzu ciwon ƙafa ya hana shi fita, duk wanda ya shigo kuwa durƙusawa yake ya ce haka ne. Ta ce rannan da gangan ya ce yau Talata alhali Alhamis ce, gaba ɗaya zauren aka amsa masa Talata ce. Ranar ko abincin rana bai ci ba.

"Amma ai yana son Tulu," in ji Mika'ilu.

"Wa ya gaya maka? Bai taɓa zaɓenta ba. Da ka ce za ta ci, da ya ce za ta faɗi." Ta kaɗe rariyar a gefen ƙwarya. "Na ce a raina, duk birnin nan babu mai baƙar gardama kamar mijina, bari in haɗa su. Ashe kai ma irinsu ne."

Mika'ilu ya koma ɗaki ya zauna a bakin gado. Tausayin dattijon ya kama shi, kunya kuma ba ta sake shi ba. Wato duk waɗannan maganganu marasa kai da ƙafa, ƙwanƙwasa ƙofa ake yi masa, shi kuma yana ta gaisuwa daga ciki.

Ba a jima ba Tulu ta sake ba da abin magana. Ɓangarorin biyu suka yi babban taro rana ɗaya, a gari biyu, suka fito da ɗan takarar shugaban ƙasa kowanne nasa. Mika'ilu ya rubuta sharhinsa. Bai gama shan ruwa ba Alhaji ya iso: "'Yan takara biyu, ƙuri'a ninki biyu. Nasara ta tabbata."

Mika'ilu ya gyara tabarau. Sannan ya yi bisimilla ya fara: "Baba, ina neman afuwa, Allah ya huci zuciyarka, amma ba haka ba ne." Ya bayyana cewa suna ɗaya ake bugawa a takardar zaɓe, kuma kafin kotu ta faɗi sunan wane ne, zaɓen ya wuce. Ya sake neman afuwa a tsakiya, ya ƙara nema a ƙarshe, ya tura, ya kifa wayar a kan katifa.

Shafin ya tashi kamar an watsa wa kaji tsaba. Waɗanda suka gudu duk suka dawo, har da baƙi. Sai dai a cikin birni lissafin daban ne. Haisam, wanda jiya-jiya yake masa dariyar rusunawa, ya rubuta dogon bayani a kan lalacewar tarbiyya. A masallacin unguwa wani dattijo ya ba shi hannu da yatsu biyu. Yayarsa Asabe ta hau Keke Napep tun daga Ƙofar Kibo, ta ƙi zama, ta ce masa: "A gidanmu ba a taɓa yi ba. Surukinka, Mika'ilu? A waya, kowa na gani? Ka zubar mana da mutunci, ka huta."

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsinka masa zuciya shi ne Alhaji bai amsa ba. Mutumin da ba ya barin sharhi ya huce, shiru kake ji. Mika'ilu ya fara zargin ko Batulu ba ta fahimci babanta ba. Ya yanke a ransa cewa idan dattijon ya nuna ɓacin rai, zai rufe shafin kawai, ya koma wa kogin Kwara da masu hamma.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya nufi Kusfa gaisuwa, kamar yadda ya saba. Zauren cike yake da 'yan uwa da maƙwabta, kuma daga yadda hira ta ɗauke ya san maganarsa ake yi. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaida surukinsa. Alhaji, yana kishingiɗe da ƙafar mai ciwo a kan matashi, ya ce "Lafiya," ya kau da kai. Mika'ilu ya rakuɓe a gefe, gumi na bin bayansa. Mutane suka yi ta jiran a yi masa wankin babban bargo. Da suka ga babu alama, sai suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya, ransu bai so ba.

Da zauren ya rage su biyu, Alhaji ya dubi bango, domin shi ma ba ya haɗa ido da mijin 'yarsa.

"Na karanta," ya ce.

"Allah ya huci zuciyarka, Baba. Idan ka ce in rufe shafin, yau ɗin nan..."

"Rabin rubutun neman afuwa ne. Sai da na sha wahala kafin na tono maganar a ciki." Ya gyara zaman ƙafarsa. "Batun kotu kuwa ka yi kuskure, ni na yi aiki a kotu. Tun ranar nake shirya maka amsa, za ta fito bayan la'asar. Idan ka sassauta mini, kada ka ƙara zuwa gaishe ni."

Mika'ilu ya saci kallonsa. Dattijon ya riga ya jawo wayarsa, fuskar nan ta cika, kamar wanda aka yi wa albishir. Alhaji ya juya wajen ƙofar cikin gida, ya ɗaga murya irin wadda gidan ya daɗe bai ji ba, yana kiran matarsa.

"Kulu! A damo mini fura. A haɗo da caja."