Shamuwar Bakin Bahar

Tun da Baraka ta sauka Makka, bayan doguwar tafiya ta Cadi da Sudan, ba ta ga tsuntsun kirki ba sai tattabarun Harami, masu ƙiba da rashin kunya. Ita kuwa shamuwa take so ta gani, wadda ke sheƙa a kan tsamiyar gidansu a Tasawa, wadda da ta sauka kowa zai fito da irin shuka. Ga yanar ido ta fara rufe mata gani, ta san lokacinta kaɗan ne.

Ran nan Wada, maƙwabcinta a unguwar Mansur mai kawo kifi daga Jidda, ya rantse ya ga shamuwa a wani lungun ruwa da ya shigo tudu daga bahar. Wada dai bakinsa ya fi idonsa kaifi, amma Baraka ta rufe tukunyar dambun da take sayarwa, ta ja 'yarta Rumasa'u suka hau bayan motarsa.

Da hantsi suka isa. Ruwa ya janye, taɓo na warin gishiri, tsuntsaye kamar an watsa gero. Baraka ta ware ido iya ƙarfinta, ba ta ga komai ba sai fari-fari na motsi. Rumasa'u kuwa haihuwar Makka ce, idonta garau, amma ba ta san shamuwa ba ko a mafarki.

"Faɗa mini abin da kike gani," in ji Baraka.

"Inna, wallahi tuyur ne kasir, tsuntsaye birjik! Ga wani dogo can, baƙi, cikinsa fari."

Baraka ta matso. Ta damƙe hannun yarinyar. "Bakinta fa?"

"Ahmar. Ja wur, har ƙafafun."

Baraka ta saki hannun. Shamuwar gida ba ta da jan baki. Kewar Tasawa ta taso mata, ta ji kamar ta zauna a taɓon ta yi ta kuka.

Sai ta ji fuka-fukai, fat-fat.

"Ta tashi, Inna."

"Ina ta dosa?"

"Yamma. Ta bi saman bahar."

Baraka ta juya fuskarta can, inda iska ke fitowa, ta wajen gida.

"Ba ita ba ce," ta ce a hankali. "Amma kada ki ɗauke ido, 'yar nan. Raka mini ita har ta ɓace."