Sarewar da Aka Goge

Maud ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta janyo gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gadon maƙwabcinta.

"Wannan ne?"

"Shi ne," in ji Alwyn, numfashinsa yana sarƙewa. "Ba biskit ba ne, kada ki sa rai."

Tsohon kaset ne a ciki, duk ya dafe.

Kowa a layin ya san labarin, don Alwyn ba ya shan shayin mutum bai ba shi ba. Yana saurayi shi ne mai busa sarewa a wata ƙungiyar makaɗan rok, kiɗan zamani na Turawa, irin masu jan waƙa ɗaya har shayinka ya huce. Aka naɗi wasansu a gaban jama'a don a buga faifai. Kafin ya fito, Alwyn ya yi faɗa da mawaƙinsu, Crispin. Sai Crispin ya shige situdiyo, ya sake rera baitocinsa tsaf, ya goge sarewar kakaf, ya cire sunan mai ita. Faifan ya yi kasuwa, Alwyn kuwa ya tsufa yana gyaran famfo.

"Wannan ne na ainihi, mai haɗa sautinmu ya ba ni," ya ce. "Crispin zai zo jana'izata, ba ya wuce taron da za a kalle shi. Ki kunna masa."

"Kai dai mugun tsoho ne. Ƙafarka ɗaya a kabari, kana ta Crispin."

"Ki yi mini alkawari, Maud."

Ta yi, kuma ba don tausayi kaɗai ba. Shekara da shekaru tana jin sarewar nan ta bango, ana busa ta ba mai saurare, abin yana ci mata rai.

Alwyn ya cika ranar Talata da hantsi, motar shara tana wucewa.

Ranar jana'izar, Crispin ya zo coci da baƙin tabarau da gyalen siliki a wuya, tsofaffin masoyan ƙungiyar suna biye da shi. Ya yi jawabi, ya kira mamacin ɗan'uwansa, har da share ido. Sannan aka miƙe don waƙar da mamaci ya zaɓa, wadda ba mai motsawa sai ta ƙare. Crispin yana tsaye a gaba, dab da akwatin gawar. Maud ta saka kaset ɗin a rediyonta, ta danna.

Tafin 'yan kallo ya fara tashi daga kaset ɗin. Muryar Crispin ta shigo kafin lokaci, ta karye, ta manta baiti, ta koma inda-inda. Nan sarewa ta taso ta rufa masa asiri, ta ɗauki waƙar ta yi sama da ita, jama'ar wancan zamani suna kiran sunan Alwyn. Tsofaffin nan da suka haddace faifan suka shiga kallon juna, sannan suka juyo suna kallon Crispin.

Ya sunkuyo, wuyansa ya yi jawur. "Baiwar Allah, ya isa haka. Ki kashe."

"Da saura," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Ai ku kuka ce waƙa sai da tsawo."

Haka ya tsaya har tafin ƙarshe.

Da yamma ta haɗa shayi, ta ja kujera jikin bangon da ya raba gidajensu. Babu motsin komai a can. Ta ciro kaset ɗin, ta juya ɗaya gefen.