Safa da Marwar Baffa Maiwada

Ina tsaye da tsintsiya a hannu Usaini ya danna wa ɗakin ubansa kwaɗo.

"Usaini, me nake gani haka?"

"Inna Hanne, na gaji da bakin mutane. Duk garin Balan cewa ake ina zaune tsoho na noma. Ya huta mana."

Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakanina da uban nasa, Baffa Maiwada. Tun da tsufa ya taɓa masa tunani ba ya iya zama. Gida zuwa gona, gona zuwa gida, sau biyar sau shida a wuni. Ba noman yake ba ma. Ya duba gero, ya tuge ciyawa biyu, ya dawo ya tambaya ko jikoki sun ci, ya koma. Marasa aikin yi na gindin darbejiya suka laƙaba masa Safa da Marwa, yana wucewa suna ƙirgawa suna dariya.

Na ce, "Ka ma san inda maganar ta samo asali? Malama Khaula ta karanta mana a Islamiyya. Duwatsu ne biyu a Makka. Nana Hajara ce ta yi ta kai da komo tsakaninsu har sau bakwai, tana nema wa jaririnta ruwa. Har gobe alhazai sawunta suke bi. Wa ya kulle ta?"

"Inna, wannan daban."

"Daban a ina? Abincinku yake dubawa, mara kunya."

Ya jefa makulli a aljihu, ya hau babur, sai Gaya.

Kullum haka. Da safe a kulle, sai magariba a buɗe, abinci kuwa ta taga Bara'atu, matar Usaini, ke miƙawa. Na je wurin mai unguwa, wai harkar gida ce. Ina tankaɗe ina jiyo jan ƙafarsa ta bayan katanga, ya je ya dawo, ya je ya dawo.

"Hanne, gero ya fid da kai?"

"Ya fitar, Baffa."

"To a ce wa yaron nan ya buɗe ni."

Ina da taɓarya. Bugu ɗaya kwaɗon nan zai tashi. Ban yi ba, wai kar a ce na shiga gidan mutane, kuma har yau haushin kaina ya fi na kowa.

Kwana na tara, bayan azahar, na ji shiru.

A zaman makoki 'yan gindin darbejiyar nan ne a sahun gaba, suna cewa Baffa ya ji daɗin ɗa, an hutar da shi. Na tofar da yawu na shige ciki.

Na tarar da Bara'atu a ƙofar ɗakin, ta zo shara ta kasa shiga. Daga bakin gado zuwa ƙofa daɓen ya zaizaye, ya yi 'yar siririyar hanya, taku huɗu.