Kwangilar Kunnen Shanu

Ashafa ɗan Malam Bawa dillali ya san kara, kasuwar shanu, tun kafin ya san hanyar makaranta. Ko da ya gama karatun kwamfuta ya buɗe ɗan shago a Tudun Wada, tsakanin mai walda da mai wankin hula, hankalinsa bai bar wurin shanu ba. Tare suka buɗe shagon da Junaid, ɗan ƙanwar ubansa, taubashinsa, wanda ba ya iya wuce shi bai tsokane shi ba. Suna gyaran waya da kwamfuta don tukunya ta hau wuta, sauran lokacinsu kuwa yana kan wani aiki guda da suka ƙwallafa wa rai.

Aikin wata manhaja ce ta waya. Za a maƙala wa saniya 'yar alama a kunne, in an kara waya kusa da ita, sai ta nuna mai saniyar, da rugar da ta fito, da hannayen da ta bi kafin ta iso kasuwa. A wannan zamani da satar shanu ta addabi ƙauyuka, mahauci na iya yanka ta sata bai sani ba, sai ya ga 'yan sanda a rumfarsa. Ashafa ya ga an tafi da maƙwabcinsu a kan haka, shi ya sa ya fara aikin.

Ana nan sai wata hukuma ta gwamnati ta yi shela a rediyo cewa za ta ba da kwangilar yi wa shanun kara alama, kuma wannan karon ƙananan kamfanoni na 'yan gida za a fara dubawa. Aka kira taro a wani otal, aka yi jawabai a kan dama ga matasa, aka raba ruwan gora. Junaid ya dawo yana cewa yau dai tuwon gwamnati ya ɓata hanya ya biyo ta Tudun Wada, sai dai ya ji tausayin tuwon in ya faɗa hannun Ashafa, mai cin abinci kamar yana gudun fari.

Daraktan da aikin ke hannunsa shi ne Alhaji Siddiƙu na Ƙofar Kware, abokin Malam Bawa tun suna makarantar allo. Da Malam Bawa ya ji haka, ya sa babbar rigarsa, ya ce shi da kansa zai kai ɗansa. Suka iske Alhaji a gida bayan la'asar, Ashafa ya durƙusa ya gaishe shi, sa'an nan ya gwada aikin a kan wani bijimi da ake kiwo a bayan gidan. Alhaji ya karɓi wayar ya kara ta a kunnen bijimin da hannunsa, ya ga sunansa ya fito, ya yi ta dariya kamar yaro.

"Ɗana, wanga aiki namu na," in ji shi. "Kada ka ba kowa shi sai mun ƙaddamar. Sauran ka bar mini."

Malam Bawa ya kama hannun ɗansa ya sa cikin na abokinsa, kamar yadda ya saba haɗa mai saye da mai sayarwa, ya ce, "Mun sallama. Allah shi sa albarka."

Wanda bai tashi a kara ba zai ɗauka gaisuwa ce kawai. Amma a can, in dillali ya haɗa hannu aka ce an sallama, saniya ta bar hannunka ke nan, ko da tana ɗaure a turkenka. Ba a rubutawa, ba a neman shaida. Wanda ya sallama ya koma ya sayar wa wani, daga ranar ba shi da fuskar shiga kasuwa, kuma abin yakan bi 'ya'yansa.

Junaid ya ce duk ya ji, amma a nemi Alhaji ya ba su ko da layi biyu ne a rubuce. Ya kuma nuna cewa cikin sharuɗɗan hukumar akwai wanda ke neman kamfanin da ya taɓa yi wa gwamnati aiki, su kuwa ko allo ba su taɓa goge mata ba. Ashafa ya ce ai wannan yana cikin sauran da Alhaji ya ce a bar masa. Batun rubutu kuwa, da wane baki zai ce wa abokin ubansa ya rubuta? Daidai yake da ya ce masa maƙaryaci a cikin gidansa. Suka kai takardunsu ofis kamar kowa, suka dawo suna jira.

Cikin jiran ne Allah ya kawo Alhaji Nura, shugaban wata ƙungiyar fataken shanu ta Kano masu lodi zuwa kudu. Ya zo sayayya da ziyarar Hubbare, wayarsa ta fashe, aka nuna masa shagon. Yana zaune yana kwaikwayon maganar Ashafa, yana cewa Basakkwace ko a duhu ya yi tari an gane shi, sai idonsa ya kai kan alamomin da ke teburi. Da aka yi masa bayani ya daina wasa. Ya ce abin da suka daɗe suna nema ke nan, don ana yawan tare motocinsu a hanya da zargin kayan sata. Ƙungiyarsu za ta ɗauki aikin ya zama nata ita kaɗai, su biyun su riƙa kula da shi, kuma a shirye yake a je wurin lauya kafin ya bar gari.

Ashafa ya ji zuciyarsa ta karkata. Ya ce a ba shi zuwa gobe, ya tafi wurin ubansa ya zayyana masa komai, har ya ƙara da cewa gwamnati ba ta riga ta ba su komai ba. Malam Bawa ya saurara har ƙarshe, kamar yadda ya saba.

"Hannun wa nis sa cikin na Siddiƙu?" ya tambaya.

"Nawa, Baba."

"To mi kaka tambaya ta?"

Washegari Ashafa ya ba Alhaji Nura haƙuri. Bakanon ya yaba masa, ya ce irin wannan riƙon alkawari ya yi ƙaranci, ya bar lambarsa, ya shiga mota. Junaid bai yi faɗa ba. Ya dai ce ya ga wanda ya zubar da ruwan tulu don ya ga hadari, amma bai taɓa zaton a shagonsu zai gan shi ba.

Damina ta sauka ta ɗauke. Ashafa ya san kowane benci na ofishin nan, masinjoji suka san shi har suna aikensa duba musu waya. Kullum darakta yana taro, ko ya tafi Abuja. Daga ƙarshe a rediyo ya ji labarin, yana tsakiyar kwance wata waya. An ba wani babban kamfani na Abuja kwangilar, saboda shi ya cika sharaɗin gogewa, kuma mai jawabi ya ce hakan zai buɗe wa matasan jiha ƙofofi.

Ya tafi Ƙofar Kware a ranar. Ya yi tsammanin zai iske mutum yana sunkuyar da kai, sai ya iske Alhaji Siddiƙu da fara'arsa, har ya sa aka kawo masa fura. Ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa, amma kwamiti ne ke yankewa, shi kuwa mutum guda ne a cikinsu. Ashafa ya tuna masa, cikin ladabi, cewa an haɗa hannu, kuma saboda haka ya mayar da mutanen Kano.

"Ayya, ɗana, da ka ba su," in ji Alhaji. "Ai gwamnati ba a ƙulla ciniki da ita bakin turke."

Ya ƙara da cewa bai manta da shi ba. Kamfanin zai zo da manhajarsa, amma yana neman 'yan gari waɗanda shanu ba su tsorata su, su riƙa maƙala alama, ana biyansu kullum. Ya riga ya ba da sunansa.

Daga ƙofar gidan Ashafa ya kira Alhaji Nura. Bakanon ya gane muryarsa nan take, ya ce ai sun daɗe da samun wasu yara a Kano, aiki har ya yi nisa.

Malam Bawa ya fi ɗansa jin abin. Ya ce da a kara ne, ko ɗan akuya ba mai sake sayar wa Siddiƙu. Amma da Ashafa ya ce to ya je ya faɗa masa haka, sai tsohon ya ce abotar ƙuruciya ba a yanke ta a kan abin duniya. Junaid kuwa ya samu aiki a wani banki a Kaduna, ya kwashe kwamfutarsa. Gyaran waya na mutum ɗaya bai riƙe shago ba, mai walda ya faɗaɗa zuwa cikin shagon.

Ranar da aka fara aikin, Ashafa ya shiga kara da riga mai tambarin kamfanin Abuja, da kwalin alamomi a hannu. Dillalai da mahauta, waɗanda suka san ya daɗe yana bin abin, suka yi ta tare shi suna murna, suna cewa ashe kwangila ta fito, ɗan Bawa ya zama ɗan gwamnati. Faɗin gaskiya tonon asirin abokin ubansa ne, a gaban ubansa, wanda ke tsaye can gefe ya juya baya yana duba haƙoran wani sa da ba nasa ba. Ashafa ya ce musu alhamdu lillahi, ya ce a riƙe masa ƙahon saniya ta farko.