Maza Biyu Baba Jibo Ya Nema

"Rekiya, leƙa zaure ki kira mani maza biyu," in ji Baba Jibo. "Biyu kaɗai nika so."

Katanga ce ta raba gidanmu da nasa a Dutsin-Ma, ni ke kai masa kunu tun da ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Na san abin da yake nema. Ranar kasuwar Kurfi yana gyaran shingen gonarsa a bakin hanya, motar gyaɗa ta Alhaji Ɗanmusa ta take Turai, mai tallar nono daga Tamawa. Aka kama direba, Atiku, aka tsare. Amma Baba Jibo ya ga wanda ke riƙe da sitiyari. Alhajin ne da kansa yake koyon tuƙi, Atiku na gefe.

Da safe muhuti, mataimakin alƙali, ya zo ya ce, tunda Baba Jibo ba ya iya tashi, ya faɗi shaidarsa gaban maza biyu, su kai ta kotu a madadinsa. In ba haka ba, laifi ya zauna kan Atiku.

Zaure cike yake da masu dubiya. Ina faɗin saƙon, Malam Mahmuda ya tuna bai ɗaure jakinsa ba. Ummaru kuwa alwala ta kama shi, rana ko tsaka ba ta yi ba. Haushi ya cika ni, maza da gemu suna sulalewa kamar kaji. Amma motar nan ita kaɗai ke kai gyaɗarsu Funtuwa, kowa ya san wannan.

Alu, ƙanen mijina, shi ya biyo ni ciki.

"Baba, in an samu na biyu, ni ina nan," ya ce, yana kallon ƙasa.

Gogo Dada, uwar Atiku, tana tsugune bakin ƙofa. "Malam Jibo, hwaɗa mamu, mu ma kunne gare mu."

"Maza aka ce, Dada."

Sai muka ji ƙarar mota ta tsaya a waje. Alhaji Ɗanmusa ya yi sallama, ya shigo da ƙamshin turarensa, ya durƙusa kusa da tabarma.

"Sannu, Baba. Kada ka wahal da kanka da magana, hutu kaka buƙata."

Baba Jibo ya dube shi, ya dubi Alu, ya kama hannun rigar Alhaji.

"Alhamdu lillahi, kun cika biyu. Ku shaida: kai na gani bisa sitiyari, Alhaji. Yaron nan bai taka kowa ba."

Alhaji ya zare hannun rigarsa a hankali, ya ce, "Allah shi ba ka lahiya." Wajen fita ya dafa kafaɗar Alu, ya daɗe bai ɗauke hannun ba.

Kafin la'asar Baba Jibo ya cika.

Washegari ina shara ƙofar gida, Gogo Dada ta fito da kwanon tuwon da za ta kai wa Atiku gidan yari. Motar ta taho a hankali, cike da buhunan gyaɗa, an shafa mata sabon fenti a goshi. Alu na zaune gaba a wurin Atiku, kusa da Alhaji. Gogo ta rungume kwanonta, ta matsa jikin katanga har suka wuce.